Zanin da Na Tura Ƙarƙashin Gadon Wata

A Tiga kowa ya san bakina. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyarwa a firamare, babu hedimasta ko sufeton da ya taɓa taka ni na yi shiru. Masu kifi a bakin dam idan suka hango ni, tun kafin in ƙaraso suke zaɓo mini manyan karfasa, don sun san abin da zai biyo baya idan suka miƙo ƙanana. Mutum ɗaya ne a duniya ba na iya ɗaga ido in kalla, shi ne ɗana na fari.

Haka aka raine ni. Mahaifiyata Bafulatana ce daga rugagen Tudun Wada, a wajenta uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta nuna ta san yana wurin. Ana yaye ɗana mahaifiyata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Adda yake ce mini, kamar wata yayarsa, ni kuwa sai dai in ce "kai" ko "yaron nan". Ya yi gemu, ya yi aure, ya kama aiki a Kano, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Har alfahari nake yi da hakan, ina yi wa matan yanzu kallon marasa ta-ido.

Da aka gano ciwon daji a nonona na hagu, aka yi aiki aka cire shi, sai aka ce saura maganin da ake ƙarawa ta jijiya, wanda a asibiti suke ce wa kemo. Sau shida za a yi, bayan kowane mako uku. Na farkon ma ya ishe ni labari. Gashina ya riƙa biyo mataji har na haƙura na sa ƙanwata ta aske sauran. Farcena ya yi baƙi kamar na kwana da lalle. Bakina ya fashe, ruwa ma ɗanɗanon tsohon cokali yake yi mini. Ni da na tashi a cikin kifi, sai ga shi idan maƙwabta suka ɗora suya sai in shige ɗaki in toshe hanci ina kakarin amai. Duk wannan na faɗa wa likita ba tare da jin nauyi ba, don a lokacin ƙanwata ce take raka ni.

Ana saura kwana uku a yi mini na uku aka kwantar da ni a ɗakin mata, wai jinina ya yi ƙasa, sai an ƙara mini. A ranar aka aiko daga garin Ƙofa cewa 'yar ƙanwata ta haihu, sai ƙanwar tawa ta tafi da alkawarin kwana uku. Sai ɗana ya ɗauki hutu a wurin aiki. Ba a barin maza su zauna a ɗakin, don haka a baranda yake yini, amma idan likitoci suka zo zagaye sai a kira shi, tunda takarduna duk a hannunsa suke.

Gudawa ta kama ni a kwana na biyu. Da farko na ce ko kunun da na sha ne. Kafin la'asar na je bayi sau biyar, na ga jini, jikina kuma ya ɗauki zafi. Ba jahilci ne ya hana ni magana ba. Tun ranar farko likita ya zaunar da ni ya ce, "Mama, in kin ga gudawa ko zazzaɓi ki faɗa mana nan take. Idan aka ɗora maganin nan a kan su, yana iya kashe mutum." Na ji shi sarai, har na maimaita wa ƙanwata a mota.

Da yamma likitan ya zo, matashi ne, sa'an ɗaliban da na koya wa baƙi da wasali. Ɗana yana tsaye a ƙarshen gado, ya rungume fayil.

"Mama, ya jiki? Akwai amai?"

"Kaɗan."

"Zazzaɓi fa? Gudawa?"

Na kafa wa zanin gado ido. Yaya zan yi in buɗe baki in yi maganar bayan gida, da jini, da sau nawa, yaron nan yana tsaye? Na ce, "Babu." Na ma yi abin da ya fi wannan muni: duk lokacin da na ga an kusa zuwa gwada zafin jiki, sai in haɗiyi farasitamol daga jakata, don kada a samu abin tambaya.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata tsohuwa daga wani ƙauye a duwatsun bayan Doguwa. Irin ciwonmu ɗaya, rana ɗaya kuma za a ƙara mana magani. Ƙaramar mace ce, ba ta da yawan magana, kullum da carbi a hannu. 'Yarta ce take jinyarta, ta baro yara ƙanana a gida a tsakiyar damina. Ta ba ni labarin yadda aka ɗauko uwar a kan babur, aka tsallake rafi biyu da ita a goye kafin su kai titi.

Washegari da sassafe abin ya zo mini ba shiri. Ban kai bayi ba. Na lallaɓa na canza, na dunƙule zanin, wata atamfa mai ruwan ganye, na cusa a leda na ɗaure. Ina tsaye da ledar a hannu na ji sallamar ɗana a bakin ƙofa, ya kawo ruwan zafi. Na saki ledar a ƙasa na tura ta da ƙafa. Da a ƙarƙashin gadona ta tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Amma na ƙara tura ta, na kuma ƙarawa, har ta shige ƙarƙashin gadon tsohuwar. Ina sane na yi.

Ba a yi rabin awa ba mai shara ta jawo ta da tsintsiya, wari ya tashi. Nas ɗin da ke aiki ta zo ta buɗe da safar hannu, ta ɗaure fuska.

"Wannan na waye? Har da jini a ciki. Na waye?"

Ɗana yana durƙushe yana zuba mini ruwa a kofi. 'Yar tsohuwar ta fita sayen ƙosai. Na kama gefen katifa. Tsohuwar ta dube ni, ta dubi ɗana, sannan ta ce a hankali, "Nawa ne, 'yata. Ki yi haƙuri."

Nas ta yi mata faɗa a gaban kowa, irin faɗan da da ni aka yi wa da sai an ji mu a bakin get. Ta ce tsofaffi su ne masu ɓoye ciwo su ja wa ma'aikata magana. Ta ɗaure ledar ta ajiye a bayan ƙofa, ta ce idan 'yar ta dawo ta wanke, ta kuma rubuta a fayil. Da likita ya zo sai ya ce an ɗage maganin tsohuwar, sai an yi gwaje-gwaje, aƙalla mako guda. Ni kuwa ya duba takardata ya ce jinina ya dawo daidai, gobe da safe za a ƙara mini maganin.

'Yar ta dawo ta ji labari, ta zauna a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. "Inna, yaushe kika yi zani mai ruwan ganye?" Uwar ta ce ta yi mata shiru. Ledar ta yini a bayan ƙofa, babu wanda ya taɓa ta.

Bayan la'asar, da ɗakin ya yi tsit, na juya wajenta. Ban san me zan ce ba, sai na ce, "Inna, sannu."

"Ɗan fari ne ko?" in ji ta. "Na ga yadda kike sunkuyar da kai idan ya shigo. Mu ma haka muke." Ta ja carbinta. "Ni mako guda ba zai kashe ni ba, in Allah ya so. Ke ce nake ji wa tsoro. Jiya ina jin haƙoranki suna haɗuwa."

Da zagina ta yi da na fi jin daɗi. Na juya mata baya na ja mayafi, kunya ta rufe ni har cikin ƙashi. Kafin magariba sau biyu ina kiran nas da niyyar in faɗa mata a ɓoye. Na farko na ce ta rage fanka. Na biyu na tambaye ta ƙarfe nawa. Yanzu ba kunyar ɗana kaɗai ke riƙe da ni ba, har da kunyar a ce Malama guda, mai furfura, ta tura ƙazantarta ƙarƙashin gadon baƙuwa ta bari aka ci mata mutunci.

Da safe ban sha farasitamol ba, ba don jarumta ba, ƙarewa ya yi. Wajen ƙarfe tara nas ta turo keken magani, ta rataye ledar kemo a jikin ƙarfe, ta kama hannuna tana neman jijiya. Likita ya shigo, aka kira ɗana. Kamar kullum, shi ya fuskanta, suna magana rabi da Turanci, yana nuna masa inda zai sa hannu. Na dubi ledar maganin tana lilo a sama. Na dubi tsohuwar, ta rufe ido, leɓenta na motsi. Nas ta ce, "Mama, hannunki da ɗumi," ta ci gaba da goga auduga.

Na janye hannuna.

"Likita, ni ce marar lafiyar. Ni za ka tambaya."

Muryar da nake tsawatar wa 'yan aji shida ce ta fito, har na gadon ƙarshe suka ɗago. Ɗana ya yi kamar zai fita. Na ce, "Kai, tsaya." Na san in ya fita zan sake samun hanyar rage maganar.

Na faɗa duka, idona a kan bango. Kwana uku ina gudawa, jiya sau takwas, da jini. Zazzaɓi kullum, ina danne shi da ƙwaya. Zanin da ke bayan ƙofa nawa ne, ni na tura shi, baiwar Allahn nan lafiyar cikinta ƙalau, a mayar mata da maganinta yau. Na ce kuma daga yau duk abin da za a yi a jikina a faɗa mini da Hausa, a fuskata, kafin a kai wa wani takarda.

Likitan bai yi faɗa ba, na kuwa so ya yi. Ya sa aka gwada zafin jikina, ya duba, ya ce a sauke ledar maganin nan yanzu. Ya ce, "Mama, da kin bari an sa, ban san abin da zan faɗa wa ɗanki jibi ba." Aka ɗebi jini, aka ɗaura mini ruwa da allurai. Nas ta je gaban tsohuwar ta rusuna ta ba ta haƙuri, ni ko kallona ba ta yi ba, kuma ban ga laifinta ba. Kafin azahar aka ƙara wa tsohuwar maganinta. Na roƙe ta gafara, ta ce babu komai, amma 'yarta har aka sallame su ba ta ƙara gaishe ni ba.

Ɗana kuwa tun da na gama magana ya fita. Na kwanta ina tunanin shi ke nan, na zubar da abin da na yi shekara arba'in ina tattali, ba zai ƙara iya kallona ba. Can na waiwaya bayan ƙofa, babu ledar.

Tagar da ke kan gadona tana kallon famfon da masu jinya ke wanki. Na yunƙura na leƙa. Yana tsugune a tsakiyar mata, ya naɗe hannun rigarsa ta zuwa ofis, zanina mai ruwan ganye a cikin bokiti, yana cuɗawa. Bai iya ba. Omo ya yi yawa, ga shi yana shirin shanyawa ba tare da ya ɗauraye ba. Matan suna satar kallonsa, shi ko a jikinsa.

Na riƙe ƙarfen tagar da hannun da ba a ɗaura wa ruwa ba. Na so in ce "kai", amma akwai maza uku a wajen, kowa zai iya juyowa. Sai na kira sunansa.

Bai juyo ba. Na sake kira da ƙarfi, har bakina da ya fashe ya yi zafi. Ya ɗaga kai ya dubi baranda, ya dubi hanyar get, yana neman mai kiran, don bai taɓa jin sunan da muryata ba. Sai a na uku ya dubi taga.

"Na'am, Adda?"

Na ce, "Ka ƙara ɗauraye shi. Akwai sauran kumfa."