Baba Gide Mai Ginin Kango

Idan rana ta fito a unguwarmu ta Faskari, za ka tarar Baba Gide ya riga ya kwaɓa laka a zaurensa. Gefensa ga kara, ga gawayi, ga gwangwanin madara da yake yankawa ya yi kwanon rufi. Yakan gina ɗakin da bai fi akwatin ashana ba, ya bari ya bushe, sannan ya sa tsinke ya rushe gefe guda, ya goga masa gawayi. Da farko na ɗauka ɓarna ce. Ban taɓa rubutu don jama'a ba, ina tsoron in rage masa wani abu, amma tunda idonsa ya yi rauni har ya ce zai ajiye aikin, na ga shiru bai dace ba.

Tsohon soja ne. A bariki ya koyi gina ɗan ƙaramin gari a ƙasa, manya su tsaya a kansa su tsara shiga da fita. Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka tsakanin Faskari da Sabuwa da Kankara, 'yan sintiri suka riƙa zuwa wurinsa. Yakan bi su ya ga ƙauyen da aka ƙona, ya dawo ya gina shi a kan katako yadda ya gan shi. Kafin su raka manoma gona, sun san kowace katangar da mutum zai iya laɓewa bayanta.

Ƙauyenmu da ke bayan Sheme yana cikin waɗanda aka ƙona, shi ya sa muka gudo Faskari. Mahaifina, Malam Sadiq, ya je sau ɗaya, ya dawo ya ce shi da can har abada, Kano za mu koma. Damina ta kusa, maƙwabta sun fara komawa, gonarmu kuwa ko shara ba a yi ba. Kakata Hajiya Hajaratu, wadda ƙafa ta hana ta tafiya, kullum gidan take tambaya. Sai mahaifina ya je wurin Baba Gide.

"Baba, a gina mata ɗan ƙaramin gidan da rufinsa, kamar ba abin da ya faru. Ta riƙa gani tana jin sanyi."

"Ban iya wannan ba, Malam Sadiq. Abin da ke ƙasa shi nake ginawa."

Ranar da Baba Gide ya kawo ginin, ina zaune kusa da Hajiya. Ta dube shi ta ce, "Gide, da furfurarka kake wasan ƙasa?"

"Hajiya, da wasan ƙasar nan na kai saje."

Ya yaye zanen da ya rufe katakon. Ga gidanmu, baƙi ƙirin, ba rufi ko ɗaya. Ta ɗora yatsa a kan ɗakinta, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Can ta ce, "Katangar nan, haka take tsaye ko kai ka tsayar da ita?"

"Haka take. Na buga ta da sanda, ba ta motsa ba."

"Rijiya fa?"

"Na ɗebo, na sha."

Ta juya ga mahaifina. "Sadiku, ka ce mani komi ya tafi. Ga ɗaki uku, jinka kaɗai suke so. Mi ka gani kai da ka je?"

"Inna, ban iya ɗaga kai na duba ba."

"To ga shi an kawo maka har ƙasa. Duba."

Ya durƙusa ya duba. Ya tambayi gindin rumbu, aka ce duwatsunsa na nan. Ya tambayi ta ina 'yan sintiri ke tsayawa, Baba Gide ya nuna masa da tsinke. Kafin ruwan farko mahaifina ya bi ayarin masu komawa, ya shuka dawa da masara. Mu mata muna nan Faskari sai an gama rufi. Tsoro bai ƙare ba, amma an daina zancen Kano.

Kai ne, Baba, wanda ka ƙi yi wa tsohuwa ƙarya ko da mai daɗi ce. Kai ne ka shiga kufai ka ɗaga kai ka duba, lokacin da masu gidan suka kasa. Saje mai tsinke, mun gode, Allah Ya ƙara wa idon nan haske.

Masu karatu, duk wanda aka aika ya dubo wa wani abin da ya rushe masa, ya yi irin na Baba Gide. Ya faɗi abin da ya faɗi, ya kuma taɓa abin da ke tsaye ya ji ƙarfinsa kafin ya dawo.