Alhajin Lome a Fadamar Mungadi

Ɗanasabe direban motar albasa ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana ɗaukar kaya daga Aliero, ya bi ta Jega da Kamba, ya ƙetare zuwa Kwatano da Lome, wani lokaci har Kumasi. Abokan aikinsa kan dawo da rediyo, ko atamfa, ko labarin matan da suka ce sun mutu a kansu. Shi da tsuntsaye yake dawowa, kuma ba a keji ba, a rubuce.

Zaman jira ne ya koya masa. Direban da ke ƙetare iyaka yakan yi kwana biyu ko uku a gindin mota yana jiran mai hatimi ya gama cin abinci. Wasu su yi karta, wasu su yi barci. Ɗanasabe ba ya karta, kuma warin albasa ba ya barinsa barci, don haka sai ya kama kallon itatuwa. Daga baya ya sayi tsohon madubin hangen nesa a kasuwar Kwatano, gilashin hagu a tsage, ya kuma sayi littafi mai baƙin bango.

Yana da tsari, kuma ba ya saɓa shi. Duk tsuntsun da ya gani a ƙasar waje, sai ya rubuta shi da ajami: launinsa, kukansa, garin da ya gan shi, sannan ya ɗiga masa ɗigo. In ya sake ganin irinsa a gida, a fadamar ƙauyensu Mungadi ta ƙasar Maiyama, sai ya kewaye ɗigon da da'ira. Jin kuka kaɗai ba ya sa a yi da'ira, sai ido ya gani. Matacce kuma ba ya shiga littafi. A wata kasuwar bokaye ta Lome ya taɓa ganin busassun tsuntsaye sun fi iri talatin jere a kan tebur, bai rubuta ko ɗaya ba. Ya ce wa matarsa Hussaina gawa ba ta da gari.

Waɗanda ke da suna, irin su shamuwa da zalɓe da gauraka da jinjimi, ya rubuta su da sunansu. Waɗanda bai san sunansu ba shi ya raɗa musu. Na sittin da ɗaya a littafin shi ne Alhajin Lome. Ya gan shi a bakin wani tafki kusa da Lome yana taka ganyen bado a hankali: shuɗiyar riga mai sheƙi, jan baki, jajayen ƙafafu, da ɗan haske a goshi kamar hula. Bai kai kaza ba. Da damina ta zo, Ɗanasabe ya je Mungadi gaida yayansa Buba, sai ya ji kukan nan sak daga cikin kacala, doguwar ciyawar ruwa da ke yammacin fadama. Bai gan shi ba. Damina tara ya yi yana komawa, ya tsaya cikin ruwa har gwiwa, sauro na cin rabonsa, yana jin Alhaji yana magana a ciki, bai taɓa fitowa ya gaishe shi ba.

A tashar Jega ana kiransa Sarkin Tsuntsaye, kuma ba don girmamawa ba.

"Sarki, yau talakawanka nawa sunka kawo gaisuwa?"

"Sun hi naka hankali," yakan ce, ya ci gaba da duba tayarsa.

A 1991 aka ba mu jiha. An yi murna, an yi fenti, an sauya allunan ofisoshi. Damina ta gaba sai jan baki suka sauka, ƙananan tsuntsayen nan masu tafiya kamar hayaƙi, da kan cinye gonar gero kafin a gama sallar azahar. Daga Maiyama har bayan Jega mutane suka koma kwana da wuni a gona da gwangwanaye da majajjawa. Sabuwar jiha tana bukatar ta nuna ta iya wani abu ban da fenti, sai aka yi hayar jirgin feshi. Matsala ɗaya ce: maganin ba ya aiki sai an fesa shi a inda tsuntsayen ke kwana, kuma cikin duk masu digirin da aka tara babu wanda ya san inda suke kwana.

Buba ne ya kawo jami'in da ke kula da feshin har ƙofar gidan Ɗanasabe a Aliero. Sunansa Malam Bature, matashi mai farar mota da takalmin da bai taɓa ganin laka ba.

"Ga shi nan, yallaɓai," in ji Buba. "Ƙanena na. Duk haukan da kaka nema na tsuntsu shina wurinai."

"Baba direba, an ce ka san makwancinsu."

Ɗanasabe ya san makwancin. Ƙurmin bagaruwa ne a gabashin fadamar Mungadi. Tsakaninsa da kacalar Alhaji bai fi tafiyar da mutum zai sha sigari ɗaya ba. Ya juya zai shiga gida.

"Ɗanasabe," Buba ya ce, "gerona saura kwana goma shi nuna. Ɗiya sha ɗaya gare ni. In ka sani ka hwaɗi."

"Yaya, maganin ga ba ya tambayar sunan tsuntsu."

"To ni ma yunwa ba ta tambayar sunan ɗiyana."

Sai ya yarda, amma da sharaɗi, kuma Malam Bature ya karɓi sharaɗin da fara'ar wanda ba shi zai cika shi ba. Ɗanasabe da kansa zai kafa fararen tutoci huɗu a kusurwoyin ƙurmin. Matuƙin jirgi zai fesa tsakanin tutocin kawai, da faɗuwar rana, bayan tsuntsayen sun shiga. Kada a taɓa yamma. Kada kuma kowa ya je wurin, don hayaniya na hana jan baki sauka.

"Ranka shi daɗe, huɗu hwa. Ba biyar ba."

"Baba, aikinmu ne. Mun yi karatunsa."

Ranar Laraba da safe ya yanka farin yadin da Hussaina ta ajiye don rigarsa ta sallah, ya shiga fadama da gora huɗu, ya kafa su, ya koma Aliero don ana lodin motarsa.

Abin da ya faru a bayansa ba mugunta ba ne, kuma hakan ya fi ciwo. Mutanen Mungadi sun san kayan gwamnati. Sun ga rabon takin zamani, sun ga rabon irin shuka, sun san wanda bai sa kansa a layi ba sai dai ya ji labari. Da suka ji cewa jirgi zai zuba magani a inda ya ga farar tuta, kowa ya gane abin da ya kamata mai iyali ya yi. Kafin la'asar an yage tsofaffin riguna da zannuwan gado, har da rawanin wani ladan. Masu gona a bakin fadama suka kafa tasu. Masu shinkafa a yamma suka kafa har cikin kacala. Buba ya kafa uku, ɗaya tasa, biyu na surukansa. Waɗanda suka ƙirga daga baya sun ce tutocin sun haura sittin.

Sannan ba a taɓa ganin jirgi kusa ba a Mungadi. Gari ya fito kallo, da masu tallan ƙosai, da wani makaɗin kalangu da ya ji ana cewa manya za su zo. Suka yi cincirindo a gefen ƙurmin bagaruwa, don an ce nan ne za a fi gani. Jan baki suka taso daga gonaki kamar kullum, suka kewaya ƙurmin sau biyu, suka ga taron, suka miƙe kudu.

Ɗanasabe ya iso a bayan mashin ɗin wani, daidai lokacin da jirgin ya yi kewayen farko. Ya ga fadama ta yi fari fat. Ya sauka yana gudu yana ɗaga hannu, yana ihu a tsaya. Mutane suka ɗauka murna yake, suka taya shi ɗaga hannu. Matuƙin ya yi aikinsa da gaskiya. Ya fesa duk inda ya ga fari, ya dawo ya ƙara.

Da gari ya waye fadamar ba ta da murya. Balbelu sun zube a ƙarƙashin itatuwa kamar an shanya wanki. Zalɓe biyu, jinjimi, agwagin ruwa, kwaɗi da ƙananan kifi a saman ruwa. Ɗanasabe ya naɗe wando ya shiga kacala, Buba na biye da shi don bai san abin da zai yi da kansa ba. A gindin wata tuta da aka yi da hannun riga suka same su, su biyu, kusa da sheƙa mai ƙwai huɗu. Shuɗiyar riga, jan baki, jajayen ƙafafu, ɗan haske a goshi. Ya ɗauki ɗaya ya ɗora a tafin hannunsa. Ba ya bukatar madubi.

"Shi na?" in ji Buba.

"Shi na."

"To ai ka gane shi. Shekara tara kana biɗa. Rubuta mana."

"Tutar wa ta wagga?"

Buba ya dubi hannun rigar, ya dubi ruwa. "Kowa ya kahwa, Ɗanasabe. In ban kahwa ba a ce mi?"

Ɗanasabe ya mayar da tsuntsun kusa da ɗayan, ya fito.

Malam Bature ya zo da hantsi ya sa aka tara gawarwakin a buhuna, aka ɗauki hoto. Rahotonsa ya ce an samu gagarumar nasara da haɗin kan al'umma, kuma maganar haɗin kan gaskiya ce. Jan baki suka dawo bayan kwana biyu suka gama da geron Buba da na surukansa. Bayan wata uku aka aiko wa Ɗanasabe takardar yabo mai hatimi, an rubuta sunansa daidai. Hussaina ta so a sa ta a bango. Ya ce ta ajiye ta a ƙarƙashin akwati inda ɗanshi ke tasowa, ta yi amfani.

Ya ci gaba da tuƙi shekara huɗu, har idonsa na dama ya fara hazo, wato na gefen da gilashin madubin yake da lafiya. Bai daina zuwa Mungadi ba. Yana zuwa suna da jana'iza, yana cin tuwo a gidan Buba, suna hirar farashin albasa. Duk watan Agusta kuma yakan wuce fadama shi kaɗai ya tsaya a bakin kacala. Balbelu sun dawo, zalɓe ma ya dawo. Kukan nan bai sake jin sa ba.

Ni maƙwabcinsa ne a Aliero, kuma bayan ya ajiye tuƙi ya taɓa ba ni littafin in duba. Iri ɗari da tamanin da bakwai ne a ciki, saba'in da huɗu da da'ira. Na tambaye shi ko ba zai yi wa na sittin da ɗaya ko da rabin da'ira ba, tunda dai ya tabbata a Mungadi yake, har ya riƙe shi a hannu.

Ya karɓi littafin ya rufe.

"Malam, ni na nuna musu hanya," ya ce. "In kuma kewaye shi?"