Sha'aibu da Tankin Man Ja

Sha'aibu mai walda, Allah ya jiƙansa, ba ya wuce tanki bai ɗora masa hannu ba. Idan suna tafe da abokinsa Ja'afaru mai faci a Titin Koudoukou, sai ya ratse bayan wani sito, ya shafa ƙarfe, ya shinshina tafinsa, ya ce wannan kananzir ya sha. Ja'afaru kan ce masa ko matarsa Iyatu ba ta samun irin wannan gaisuwa da safe. Shi kuwa sai ya yi dariyar nan tasa da ke ƙarewa da tari.

Tare suka tashi a unguwar Kokoro, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Sha'aibu ya koyi aikinsa a wata masana'antar sabulu da ke bakin kogi, daga nan ya shiga gari yana gyara da wankin tankuna. Ya toshe tankunan fetur da ake binnewa a ƙarƙashin gidajen mai don ƙasa ta sanyaya su. Ya yi wa na gazuwal, wato man dizal, ƙafafu, waɗanda ake kwantarwa kusa da injin wuta. Na iskar gas masu zagayayyen kai ne kawai ba ya kai wa wuta ko da za a roƙe shi. Ya fi son tsayayyun nan na man ja masu hula kamar ta rumbu, yana cewa su ne ba su taɓa nufin kowa da sharri ba.

Duk ranar da aiki ya kai ga shiga cikin tanki, Ja'afaru kan rufe rumfar facinsa ya bi shi. Sha'aibu zai ɗaura igiya a ƙugu ya sauka ta ƙofar sama, Ja'afaru ya zauna a baki riƙe da ɗaya ƙarshen. Aikin mai igiya shi ne surutu. Zai yi ta jan na ciki da zance, domin iskar tanki tana kwantar da mutum ba tare da ya sani ba, in amsa ta ɗauke sai a ja. Shekara da shekaru a haka, babu sirrin da ba su zazzage wa juna ta bakin tanki ba.

Da rikici ya rufe yankinsu na Kilomita Biyar, 'yan bindiga suka tsare hanyoyin fita, mutanen Kokoro suka kwaso abin da hannu zai ɗauka suka cika farfajiyar wani babban sito da mai shi ya gudu ya bari. Famfo ya ƙafe. Rijiyar unguwar ta koma laka, ɗan abin da aka tace yara ake ba. Malam Nata'ala, dattijon da ke jan salla a farfajiyar, ya sa kowa ya koma taimama. Wata rana aka kawo gawar wani maƙwabcinsu, aka rasa ruwan da za a yi masa wanka, shi ma taimama aka yi masa. Sha'aibu ne ya riƙe kan mamacin. Da suka dawo bai ci abinci ba.

Damina ta ƙarato, rufin siton kuma faɗi gare shi, in an tara ruwansa zai ishi kowa. Tankuna biyu ne a wurin: na gazuwal a kwance, fes daga waje, da wani tsohon na man ja a tsaye. Mutane suka so na gazuwal don ya fi sauƙin kai wa. Sha'aibu ya ce ko an shekara ana ɗauraye shi ba zai bar Ikram, 'yarsa, ta kurɓa ba, balle 'ya'yan wasu. Na man jan za a wanke.

Babu sodar wanki, babu fankar da ke tura iska ciki. Mata suka tara tokar murhu, Ja'afaru ya kwaso yashi, Iyatu ta yayyanka tsohon buhu ya zama soso. Sha'aibu ya sauka. Man ya daskare a bango ya yi ɓawo, zafin rana kuma ya mai da cikin kamar tukunya. Ja'afaru yana sama yana tsokanarsa, wai in ya fito za a jefa shi a miya a huta da cefane. Daga ciki amsa ta taso da amon ƙarfe, cewa mai faci da ya kasa toshe bakinsa ina zai iya toshe taya.

Ruwan farko ya sauko, indararon da Sha'aibu ya harhaɗa da tsohon kwano ya kai shi ciki. Farfajiya ta cika da murna, yara suna ta ce masa singila, godiya ke nan da yaren Sango na ƙasar. Malam Nata'ala ya ɗebo a kwano ya duba. Wani jan maiƙo ne kwance a sama, ga ƙamshin man a hanci. Ya ce alhamdu lillahi, a sha, a yi girki, a wanke tufafi, amma ruwan da mai ya sauya wa launi da ƙamshi ba a alwala da shi, ba a yi wa mamaci wanka da shi.

Kowa ya ce hakan ma an gode. Ban da Sha'aibu. Ya sa aka juye ruwan a durom da tukwane, washegari ya zo wurin Ja'afaru da igiya a kafaɗa.

Iyatu ta biyo shi har gindin tanki. Ta ce wa Ja'afaru ya yi wa Allah ya hana Baban Ikram, tun shigar farko ba ya kwanciya sai a jingine, ƙirjinsa yana kuka. Ja'afaru ya ce ba zai riƙe ba.

"To ɗaura ta a ƙarfe," in ji Sha'aibu. "Ni dai ba zan sake riƙe kan wani a shafa masa ƙasa ba, ga ruwa cike da tanki."

Ja'afaru ya karɓi igiyar, don ya san mutumin zai sauka ko da shi ko ba shi.

Wannan karon maiƙon da ya ɓuya a layin walda da gindin famfon tankin yake bi, da wuƙa da toka mai zafi. Kwanaki ya ɗauka. Amsoshinsa suka riƙa gajarta, tsokana ta koma "ina ji" kawai. Ran ƙarshe Ja'afaru ya tambaye shi sunan malamin da ya zane su suna yara kan satar mangwaro. Shiru. Ya sake tambaya. Sai ya ja, maza suka taya shi, suka fito da shi jiki duk toka, ido a lumshe. Da ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne an katse shi saura kaɗan, amma ya gama gindin.

Aka sake yin ruwa. Malam Nata'ala ya ɗebo, ya kai kwanon wajen haske, ya shinshina, ya kurɓa ya juya a baki. Sai ya tsuguna ya naɗe hannun riga ya fara alwala. Maza suka yi layi a bayansa. Sha'aibu yana zaune jingine da buhu, Ja'afaru ya kawo masa a buta ya zuba masa a hannu.

Sha'aibu bai sake tashi sosai ba. Asibitin da zai duba ƙirji yana can bayan shingayen 'yan bindiga, wanda ya fita kuma ba lalle ya dawo ba. Iyatu ta yi ta dafa masa abin da ta samu, Ja'afaru yana zama kusa da tabarmarsa yana jansa da hira kamar yadda suka saba. Wata safiya bayan hantsi ya cika, kansa a cinyar Iyatu.

Ja'afaru ne ya ɗauki bokiti biyu ya nufi tankin. Matan da ke layi suka matsa masa ba tare da ya roƙa ba. Ya buɗe famfo, ruwan ya zubo garau, ana ganin gindin bokiti. Ya kai wa Malam Nata'ala, shi yana zubawa, Malam yana wanke mamacin. Akwai sauran toka a ƙarƙashin faratan Sha'aibu. Ja'afaru ya roƙi Malam ya dakata, ya kama yatsun ɗaya bayan ɗaya ya wanke su da kansa.