Ƙullin Baturiya

Kakata Iya Dije ta yi aiki a gidan wata Baturiyar Sikotland a Jos tun tana budurwa, kuma abu ɗaya ta fito da shi daga gidan, shi ne abin da muke kira ƙullin Baturiya. Fulawa ce da kitsen sa da zabibi da kirfa da citta. Sai ta zuba kwaɓin a farin ƙyalle da ta tsoma a tafasasshen ruwa ta barbaɗe da gari, ta ɗaure bakinsa da ɗan sarari don ya samu wurin kumbura, ta jefa a tukunya. Awa huɗu yake yi a wuta. Mu kuwa jikoki haƙurinmu bai kai na awa ɗaya ba, shi ya sa take zaunar da mu gaban murhu bayan magariba ta toshe mana baki da tatsuniya.

Kullum da guda take rufewa. Wata yarinya ce wutar gidansu ta mutu, kakarta ta aike ta ƙetaren kogi ɗebo garwashi. Ta samo, ta juyo, ta tarar kogi ya kawo ya shafe hanya. Ta zauna a gaɓa tana hura garwashin kada ya mutu, tana hango tsohuwa a ƙofar gida. Daidai nan Iya ke ɗaga murfin tukunya.

"Iya, ta haye?"

"Kai, 'yan nema! Bakinku na ci, kunnenku na ci. Ku kawo faranti, gobe ma rana ce."

Da ta kwance ƙyallen ta ajiye ƙullin gefen wuta ya yi fata, ƙamshi ya bugi hancinmu, wa ke ta wata yarinya? Ban taɓa jin ƙarshen ba, kuma laifin cikina ne.

Shekarar korona ta same ni a ƙasar waje, a unguwar Bukit Jalil, inda maigidana ke karatu. Aka rufe ƙasa, jirage suka tsaya. Sai ga waya daga ƙanena cewa Iya ta kwanta, numfashi na yi mata wuya. Na rasa abin yi. Na yage sabon mayafina fari, maigida ya samo kitse a kasuwar Chow Kit da ƙyar, na ɗora tukunya, na kira gida aka kanga mata waya a kunne.

"Iya, na ɗora ƙulli. Ki ƙarasa min labarin yarinyar nan."

Na daɗe ina jin numfashinta kafin ta ce, "Kin bar masa sarari?"

"Na bari."

"To ki kula da ruwa, kada ya ƙone."

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Kwana biyu bayan haka aka binne ta, mutum kaɗan, ni ina bene hawa na ashirin ina kallon titin da ba kowa.

Da ina yarinya na ɗauka ƙarshen a bayyane yake, ruwa zai janye, yarinya ta kai wuta gida. Yanzu ina zargin Iya ta san ba haka ba ne, shi ya sa take ɗaga murfi. Har yau baƙin cikin bai sake ni ba.

Rannan na sake dafawa, na ba 'yata Hanan labarin. Ta ce da Hausarta mai gauraye da yaren ƙasar, "Mami, ta haye lah? Boleh ko, ta iya?"

Na tashi na ɗaga murfin tukunya, alhali na san da sauran awa guda.