Ciwon Cikin Nata'ala Mai Haƙar Rijiya

Nata'ala mai haƙar rijiya ne a Unguwar Tudu. Shekara ashirin yana shiga ƙasa da igiya a ƙugu, daga Gwarzo har Gude an san aikinsa. Matarsa Zinnira ba ta taɓa ganinsa kwance da rana ba sai bana.

Da murɗar ciki abin ya fara. Ya taso ya naɗe shi kamar tabarma, can kuma ya lafa kamar ba a yi ba. Aka ce olsa ce, aka ce taifot. Ya sha ƙwayoyi, ya sha jiƙo, wata huɗu ba sauƙi. Wata Laraba ya wayi gari yana kore-koren amai, ciki ya kumbura, bayan gida ya tsaya cak.

A asibiti a Gwarzo aka yi masa sikanin, amma iska ta cika hanjin, ba a ga komai ba. Likita Naja'atu ta ja Zinnira gefe.

"Baiwar Allah, ku wuce Kano yanzu. Akwai hoton da ake kira siti, shi ke nuna ciki dalla-dalla."

"Likita, dube shi fa. Ba zai kai ba."

"In ya zauna a nan ne ba zai kai gobe ba."

A mota kansa yana cinyarta, kowane rami sai ya yi nishi. Suna wuce Kabo nishin ya ɗauke. Ta kara hannu a hancinsa.

"Baban Kamila! Don Allah ka yi magana!"

Da ƙyar ya motsa yatsa.

A Kano aka kwantar da shi a gadon ɗaukar hoton, gadon ya zura shi cikin wata na'ura mai zagayayyen baki, ita kuma aka bar ta a waje tana ta salati. Da aka kira ta, likitan tiyata ya nuna mata wani abu kamar zobe a cikin zobe a jikin hoton.

"Hanjinsa ne ya shige cikin kansa, kamar hannun riga ya koma ciki. A yara aka fi gani. In babba ne, yawanci wani tsiro ne ya ja shi."

Ta dangwala yatsa a takardar amincewa da tiyata, ba ta ko ganin layin saboda hawaye. Aka yanke hanji kusan taƙi guda, ya riga ya yi baƙi. Tsiron kuwa aka tura shi gwaji.

Sati uku Zinnira na jinyarsa ba ta iya cin abincin kirki ba, har sakamako ya fito: ba ciwon daji ba ne. Ta zauna daɓas a bakin ofishin likitan, ta rufe fuska da mayafi, ta yi kuka mai isarta.