Hayaƙin da Ya Raka Ni Ɗauko Mai Jego

Fitowa daga Moduganari

Ana idar da sallar asuba na tada mota, ko addu'a ban tsaya an shafa ba. Matata Yagana ta yi haihuwar fari a gidan iyayenta a Damaturu, har ta gama wankan jego ban ga 'yata ba sai a hoton waya, domin makon suna hanya a rufe take. A shekarun nan sojoji kan buɗe ƙofar garinmu Maiduguri da safe su rufe da la'asar, wanda ya makara kuwa sai ya kwana a waje, a wurin da ba mai son magariba ta riske shi. Shirina ɗaya ne: in ɗauko su mu dawo a ranar.

Motar ta marigayi mahaifinmu ce, ta girme ni a lasisi, amma ba ta taɓa kunyata mu ba. Kawu Modu, ƙanen mahaifiyata, ya shige gaba da carbinsa. Ina murza makulli wani hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida, har Iya da ta fito rakiya ta toshe hanci da gyale.

"Sanyin safiya ne," in ji Kawu. "Ni ma da asuba tari nake yi. Ja mu je!"

Njimtilo

Mun tarar da layin motoci a bakin ƙofa, kowa na jiran a ɗaga shinge. Ni dai murna ta hana ni zama, na saya wa Kawu shayi da ƙosai, na ba wani direban da ban sani ba labarin 'yata tun daga farko. Da layi ya motsa na taka totur, sai hayaƙi ya sake tashi ya lulluɓe motar bayanmu. Wani soja ya ɗaga bindiga daga nesa.

"Kai! Kashe mota! Fito, hannu sama!"

A lokacin, mota mai hayaƙi ta doshi shinge ba abin wasa ba ce. Muka fito, Kawu da carbi a sama yana karanto duk abin da ya zo bakinsa. Suka buɗe but, suka ga buhun dabino da turamen zannuwan mai jego. Sojan ya leƙa salansa ya ce, "Oga, motarka tana shan taba." Ya sallame mu.

Jakana zuwa Benishek

Nan ne wurin da ba a tsayawa. Ko taya ce ta fashe, direba kan lallaɓa a kan ƙarfe har ya ga mutane. Gidaje ƙonannu dama da hagu, ba akuya, ba mai tallan gyaɗa. Ina duba madubi ina ganin hayaƙi na bin mu, shuɗi-shuɗi, kuma duk sanda na ƙara wuta sai ya ƙaru. Kawu ya daina zancen sanyi. Gaskiya gabana ya faɗi, amma da na tuna fuskar da ke cikin wayata sai in ji ƙafata ta ƙara danna totur da kanta.

Damaturu

Da hantsi muka isa. Aka miƙo mini yarinya a cikin zani, ta buɗe ido ɗaya ta harare ni, ni kuwa na washe baki kamar wanda aka ba kujerar Makka. Ban gama kallonta ba aka ce surukina na kira a waje. Surukin nawa, Baba Alhaji, tsohon direban tanka ne, kuma tun daga kwanar layi ya hango abin da muka jawo masa unguwa.

"'Yata da jikata ba za su shiga wannan ba sai na san abin da ke ƙonewa," ya ce, ko kallona bai yi ba.

Ya sa na tada mota, ya durƙusa ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya shinshina. Ya ce farin hayaƙi ruwa ne ke shiga inji, sai ya buɗe lagireto, ruwa na nan cike. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, yakan bar kunkunniya a hannu, nasa hannun ga shi da maiƙo.

"Wannan baƙin mai take ƙonawa. Da safe kawai take yi, in ta yi zafi ta daina?"

"A'a Baba, har hanya."

"To ba robar bawul ba ce. In ka taka yana ƙaruwa?"

"Sosai, Baba."

Ya miƙe yana goge hannu. "In ringin fistin ne ya cinye, sai an sauke inji. Ku nemi tabarma, nan za ku kwana."

Na dubi rana, na dubi Yagana da ta riga ta ɗaure kayanta a bakin zaure, na ji kamar in zauna a ƙasa. Baba Alhaji ya bar injin ya huce, ya ce motar da ta ƙona mai tun daga Maiduguri dole manta ya ragu, bari a ga nawa ta sha. Ya zaro gejin awon mai ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Mai ya haye alamar cika, ya yi sama can.

"Wa ya ƙara mata mai?"

Na ce ni ne, jiya da yamma, saboda hanyar da ba a tsayawa. Kawu ya yi gyaran murya, ya ce shi ma ya ɗan zuba mata kafin magariba, saboda wannan dalilin. Duk cikinmu ba wanda ya duba geji.

"Kun ɗura mata har ta rasa inda za ta kai, shi ne take turawa wuta," in ji Baba Alhaji, yana danne dariya. "Amma abin da ke cikin nan ya fi ƙarfin mutum biyu."

Ya kwanta da babbar rigarsa a ƙarƙashin mota, ya sassauta noti ya tsiyaye rarar a tsohon kwano, ya kwance fulogi ya wanke su da fetur. Ya ce za ta ci gaba da hayaƙi kaɗan har na cikin salansa ya ƙone, kada in tsorata. Ko tuwon da aka tuƙa mana ba mu ci ba, a kula aka zuba.

Komawa gida

Kafin Ngamdu hayaƙi ya fara sirancewa, muna wuce Benishek madubi ya yi fes. Na buga sitiyari na yi kabbara, yarinya ta tsorata ta tsala kuka, Yagana ta ce in zan yi hauka in bari mu shiga gari. Inuwa ta fara tsawo lokacin da muka wuce Auno, Kawu ya jingina goshi da gilashi yana lissafin motocin gabanmu. Mun shige ƙofa ana shirin jawo shinge.

Iya na tsaye a ƙofar gida inda muka bar ta. Ta karɓi jikarta ta rungume, hawaye na zuba, ta shafa gaban motar da ɗaya hannun.

"Na san za ta kawo min ku," ta ce. "Kuna masallaci na sa maƙwabci ya juye mata mai, galan guda."

Kawu ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

"Allah ya saka da alheri, Iya," na ce. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu.