Geron da Muka Girbe a Fakku

A shekarata ta ƙarshe a makarantar kwana ta Sakkwato, zama ya gagare ni. Turawa na nan da mulkinsu, amma duk inda ka juya zancen tafiyarsu ake yi, mu kuwa muna cikin katanga, labari ba ya iso mu sai ya tsufa. In malami na koyarwa ƙafata na rawa a ƙarƙashin tebur. In an tashi sai in yi ta zagaya fili kamar wanda ya yar da wani abu.

Muna da 'yar ƙungiya, mu 'yan ƙasar Tambuwal da Kebbe. Ran Juma'a bayan la'asar muke haɗuwa gindin wata tsamiya, bayan ɗakin cin abinci. Da farko ba abin da muke yi sai tambayar wa ya sami saƙo daga gida, da shirya yadda za mu shiga mota ɗaya in hutu ya zo. Wata rana aka fita da ajinmu cikin gari, muka bi ta ƙofar gidan wani akawu, sai na ji akwatin rediyo na magana ta taga. Na tsaya cak, har malamin da ya raka mu ya dawo ya ja ni da hannun riga. Juma'ar da ta biyo na ce wa 'yan ƙungiya lalle sai mun mallaki namu. Suka ce to, tunda ni na kawo zancen, ni zan kai shi gaban shugaban makaranta.

Shugaban Bature ne, dogo, yana jin Hausa sarai, sai dai yakan ja ta a hankali. Ya saurare ni har na gama. Ya ce bai hana rediyo ba, muddin a gidan malami za a ajiye shi. Sannan ya ɗaga kai ya dube ni.

"Amma ɗalibi ba ya roƙon kowa kuɗi, ko da ubansa ne. Ɗalibi ba ya ciniki. Ba taro, ba kiɗa, ba zancen jam'iyya. Kuma kada in ji an ambaci sunan makarantar nan a waje."

Na ce, "To, ranka ya daɗe, ta ina za mu samu?"

Ya ce, "Wannan ku ya shafa."

Daga ranar na zama ɗan gidan ofishinsa. Na je da shawarar mu yi wasan kwaikwayo a Tambuwal lokacin hutu, ya ce taro ne. Na koma da zancen kokawa, ya ce ai ba a kokawa sai da ganga. Na ce a bar mu mu sayar da albasar lambun makaranta, ya ce ciniki ne, kuma albasar ba tamu ba ce. Ƙarshe masinjansa da ya hango ni sai ya girgiza kai tun daga nesa. Abinci ya daina yi mini daɗi. 'Yan ƙungiya suka fara gudun zama kusa da ni, don ba ni da wata hira sai wannan.

A cikinmu akwai wani ɗan Kebbe, ajinmu ɗaya, mai sanyin magana. Kafin ya gama jimla ɗaya na yi uku. Wata Juma'a ina tsaye ina ta faɗa da iska, shi yana zaune yana ɓare tsamiya, sai ya ce, "Baffana na da gona can Fakku, ta fi ƙarfinai. Kowace shekara gero shina bushewa tsaye don rashin hannu. In munka girbe mai, damman gero shika biya, ba kuɗi ba."

Na ce, "Mu yi me da damma?"

Ya ce, "Makaranta ba gero taka saye ta ciyar da mu ba?"

Ban jira ya ƙarasa tsamiyarsa ba. Na ja shi muka je gidan wani malaminmu Bahaushe mai koyar da lissafi, muka roƙe shi ya shige mana gaba, tunda ni an gaji da ganina. Washegari malamin ya shiga, muna waje ina ta kai da kawowa. Da ya fito ya ce an yarda. Aikin gona ba roƙo ba ne, in ji Baturen. Mu kawo geron ɗakin ajiyar makaranta, a auna, shi zai riƙe kuɗin ya yi odar akwatin daga kanti da kansa. Ko anini ba zai taɓa hannunmu ba. Sauran dokokin kuma suna nan yadda suke.

Hutun ƙarshen damina ya zo, muka hau motar kaya zuwa Tambuwal. Mahaifina malami ne, gidanmu gidan karatu ne tun kakanni, kuma ba da son ransa aka kai ni boko ba. Na same shi a zaure kan buzunsa, na durƙusa na gaishe shi, ban ko bari gaisuwar ta huce ba na kwashe zancen na gaya masa.

Ya rufe littafin da ke gabansa. "Mi kac ce? An ɗauke min kai daga gaban allo an kai ka boko, yanzu kuma boko ta mai da kai ɗan ƙodago? Don akwati mai surutu?"

Na ce, "Baba, labarin ƙasa muke son ji."

"Ƙasa ta gaya maka tana son ka ji?"

Kwanakin da suka biyo ina shiga ina fita, na kasa cin tuwo, na kasa zama. Inna ce ta gaji da ni, ta je ta same shi. Ban san abin da ta ce masa ba. Da safe ya kira ni ya ce in tafi, amma kada in karɓi ko zangarniya ɗaya da ban yi wa gumi ba, kuma kada aiki ya sa in haɗa salla. Inna ta ƙulla mini fura da ƙuli-ƙuli a ƙyalle.

Mun yi alkawarin haɗuwa ranar kasuwa a bakin tasha. Na riga kowa zuwa. Ɗan Kebbe ya zo, wasu biyu suka iso daga Dogon Daji, ɗaya daga Jabo da takalminsa rataye a wuya. Sauran shiru. Wani ya aiko ƙanensa wai ciwon ciki, wani kuma ko aike. Ina so in bi su gida-gida in fito da su, ɗan Kebbe ya ce rana na yi. Muka kama hanya mu biyar, a ƙasa, muka kwana a wani ƙauye, muka haye gulbi ruwa iya ƙugu da kayanmu a ka.

Baffan ɗan Kebbe dattijo ne kakkaura, mai shanu da gona, mai yawan dariya. Ya kama tafin hannuna ya juya shi, ya ce, "Ɗana, wanga hannu alƙalami ɗai ya sani." Ya ba mu bukka da tabarmi, aka kawo mana nono. Da gari ya waye ya miƙa mana magirbi da 'yan wuƙaƙen yanke zangarniya.

Mu duka 'ya'yan ƙauye ne, amma shekarun makaranta sun lalata mana hannu. Kafin azahar tafina ya yi ƙuraje, kafin la'asar sun fashe. Ƙaiƙayi ya shiga wuya da hammata. Ni kuma gaggawa ta hana ni yin abu daidai. Damin farko da na ɗaure, ana ɗaga shi ya watse. Baffa ya zauna a ƙasa don dariya, sannan ya nuna mini yadda ake jera kan zangarniya a ja igiya da gwiwa. Kullum sai na tsaya na dubi abin da ya rage na gonar, in ga kamar ƙaruwa take yi.

Muna cikin haka, wata hantsi sai ga dogarin mai gari ya ratso kara. Ya ce ana kiranmu, mu da Baffa. A hanya muka ji dalili. Zance ya bazu cewa 'yan boko sun sauka Fakku, kuma ba wanda ya yarda girbi ya kawo su. Wasu sun ce gonaki muke ƙirgawa don a ƙara haraji. Wasu sun ce 'yan jam'iyya ne suka turo mu.

Ƙofar gidan mai gari cike take da mutane. Muka cire takalma muka zube. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wa at turo ku? Mi kunka zo yi ƙasata?"

Magana ta taso mini har maƙogwaro. Ga jama'a, ga tambaya, ga ni da bayani cike da ciki, na ƙungiya da na rediyo da na makaranta. Na buɗe baki ke nan ɗan Kebbe ya danna mini babban yatsa a ƙafa, da ƙarfi. Sai na tuna. In na yi jawabi a nan, na ambaci makaranta gaban taro, kafin mu koma labarin ya riga mu, kuma shi ke nan. Na haɗiye.

Baffa ne ya yi magana. "Ranka shi daɗe, wanga ɗan ƙanena ne, ka san ubanai. Waɗanga abokanai ne. Girbi suka yi min, damma nika biyan su."

Mai gari ya ce mu buɗe hannu. Muka buɗe. Ya daɗe yana duban nawa, wanda na naɗe da tsumma. Sannan ya ce, "To, tunda 'yan ƙodago ne, in sun ƙare taka su shiga tawa."

Jama'a suka fashe da dariya, aka watse. Ni ban yi dariya ba, don hutu ya kusa ƙarewa, kuma ba a ce wa mai gari a'a. Gonarsa ta fi ta Baffa. Muna gama ta Baffa muka shiga, muna fita tun asuba. Ɗan Jabo ya kwanta da zazzaɓi, muka rage huɗu. Na riƙa yi wa kowa tsawa, har ɗaya daga 'yan Dogon Daji ya jefar da magirbi ya ce in ba zan rufe baki ba gida zai tafi. Na rufe, na ɗan lokaci. Mai gari dai bai cuce mu ba, ya biya dammanmu cif, ya ƙara da aron jakuna har Tambuwal.

A gulbi ruwa ya ƙaru. Jaki ɗaya ya zame, kayansa suka jiƙe sharkaf kafin mu janyo shi. Muka iso gida da yamma, hadari na haɗowa, ga gero jiƙaƙƙe, ba rumbun da zai karɓe shi haka. Ina tsaye a ƙofar gida na rasa inda zan sa kaina, sai mahaifina ya fito. Ya dubi jakunan, ya dube ni. Ya koma zaure ya naɗe buzunsa, ya kwashe littattafansa ya shiga da su cikin gida. Ya ce a baje geron a zauren. Har ya bushe, a tsakar gida yake karɓar masu zuwa ɗaukar karatu. Inna ta tara matan maƙwabta suka sussuke shi suka sheƙe, muka ɗura a buhu.

Mun koma makaranta a makare. Baturen bai saurari uzurinmu ba, ya sa mu yankan ciyawar filin ƙwallo, da hannuwan da ba su gama warkewa ba. Bayan nan ya sa aka auna geron a gabanmu. Ya ce ya yi kyau, amma bai kai kuɗin akwati ba. Zai ajiye, in 'yan ƙungiya sun ƙaro baɗi sai a saya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, baɗi ba na nan."

Ya ce, "Na sani."

Na fita na zagaya filin da muka yanke har aka kira magariba.

Da na gama makaranta aka tura ni koyarwa a wata elemantare kusa da Dogon Daji. Ɗan Kebbe ya maimaita aji, don haka shi ya ja na bayanmu suka koma Fakku da damina ta zagayo. Wannan karon ba wanda ya tuhume su, har rububinsu aka yi. Wata ranar kasuwa ina cikin aji sai ga shi a kan keken aro, ya jingine a jikin taga. Na bar yara da karatu na fito.

Ya ce akwatin ya zo. An ajiye shi gidan malamin lissafi, ana kunna musu bayan la'asar, su zauna a tabarma a ƙofar ɗaki.

Na ce, "Me kuka fara ji? Me aka ce game da mulki?"

Ya ce, "Farashin gyaɗa." Ya ce mai karantawa Hausar Kano yake yi, yaran sun kwana biyu suna kwaikwayonsa suna dariya. Labarin mulki ma ana yi, amma batirin ba ya jimawa, yanzu shawarar da ke gabansu ita ce ta yadda za su sami wani ba tare da sun taka doka ba.

Na aiki wata mai talla ta kawo mana fura. Muka sha a tsaye, don ya ce sai ya mayar da keken kafin mai shi ya tashi daga kasuwa.